Mai Ɗaukar Fansa Ba Ya Zuwa Da Wuri

Duk wadda ke cikin guruf ɗin karatun littattafai a WhatsApp ta san irin labarin da zan yi magana a kai. Uwa ta rasu wajen haihuwa, ko an sake ta ta koma gidansu. An ɗauki yarinya an kai ta riƙo wajen goggo ko matar kawu. Shafi arba'in na farko duk azaba ce: wanke-wanke da asuba cikin sanyi, ƙanzo a matsayin abincin dare, duka da wayar wuta, ga mijin goggo da ke leƙowa ɗaki idan dare ya raba. Daga nan sai marubuciya ta rubuta "bayan shekara goma sha biyar", sai ga yarinya ta dawo cikin mota mai baƙin gilashi, ko kuma yayanta da kowa ya ɗauka ya mutu ya bayyana da bindiga. Ɗaya bayan ɗaya suke bin waɗanda suka cuce ta. Daidai nan ake tsayar da shafukan kyauta, a ce mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki. Kuma muna turawa. Ni ma na tura, ba sau ɗaya ba, har da kuɗin da aka ba ni na kwafin takardun lacca.

Samari kuma nasu a fim yake. Ka je shagon cajin waya a Kaoje ko Bagudo da yamma, ka tsaya ka ji abin da ake cewa a tura a memori: fassarar Indiya, wadda jarumi zai tashi maraya, ya girma, ya dawo ya karkashe waɗanda suka raba shi da iyayensa. Kai, har jarumar da ke sanye da kakin hukuma ba ta tsira ba. A fim ɗin Mardaani na 2014, Rani Mukerji ta fito a matsayin 'yar sanda mai farautar masu safarar yara mata, bayan sun sace wata marainiya da ta ɗauka tamkar 'yarta. Da ta kama ubangidansu ba ta kai shi kotu ba, sai ta bar shi a hannun yaran da ya sace, suka tattake shi har ya mutu. A ɗakin kwanan ɗalibai na kalli wannan wurin, mu wajen takwas a kan waya ɗaya, kuma wallahi tafi muka yi.

Turawa ma suna da nasu. Littafin Stieg Larsson, marubuci ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2005 kuma duniya ta san shi da The Girl with the Dragon Tattoo, yana ɗauke da wata budurwa, Lisbeth Salander, da hukuma ta ce ba za ta iya kula da kanta ba, ta damƙa ta a hannun wani lauya. Lauyan ya riƙe kuɗinta, ya kuma ci zarafinta. Ta ɗauki bidiyon abin da ya yi mata a ɓoye, hujja ƙarara, amma ba ta kai wa 'yan sanda ba. Da hannunta ta rama. Wannan fa a ƙasar da ake buga misali da ita wajen kula da 'yan ƙasa.

Mu kuwa tun kafin waya muna da labarin. Kakanninmu sun yi mana tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, da marainiyar da kishiyar uwa ke aikawa rafi mai nisa. A tatsuniya, wata tsohuwa ce a bakin ruwa ko ɗan sarki ke share mata hawaye. Yanzu an cire tsohuwar an sa bindiga. Ban ga laifin mai jin daɗin irin wannan labari ba. Wanda ya tashi yana ganin mai kuɗi na fita daga hannun hukuma kafin wanda ya kai ƙara ya isa gida, dole ransa ya yi sanyi idan ya ga azzalumi ya durƙusa yana roƙo, ko da a allon waya ne. Ramuwar gayya, in ji Hausawa, ta fi ta gayya zafi.

Abin da ya dame ni shi ne wancan ɗan layin: "bayan shekara goma sha biyar". Wani malaminmu a sashen koyon aikin jarida yana yawan cewa idan aka nuna maka hoto, ka tambayi abin da aka yanke daga gefensa. To me aka yanke a cikin shekara goma sha biyar ɗin nan? Gidan da ake azabtar da yarinyar ba a tsakiyar daji yake ba. Yana da maƙwabta ta gabas da yamma. Akwai mai kanti da take zuwa sayen magi da kumburarren ido, akwai malamin Islamiyya da ya ga ta daina zuwa, akwai mai markaɗe, akwai limamin da mai gidan ke sallah a bayansa sau biyar a rana. Labarin ɗaukar fansa ba ya nuna waɗannan mutanen, ko ya nuna su suna wucewa kamar kaji. Dalili kuwa a fili yake: mutanen nan mu ne, masu karatun. Labarin ya raba duniya gida biyu, muguwar goggo da jarumi, sai ya ba mu kujera a gefen jarumi. Ka gama karatu kana jin kai mai adalci ne alhali ko yatsa ba ka ɗaga ba.

A watan Agustan 2020 wani bidiyo ya karaɗe wayoyinmu daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi. Yaro ɗan shekara goma, mahaifiyarsa ta rasu, an fito da shi daga turken dabbobi inda aka ce ya shafe kimanin shekara biyu a ɗaure, ƙashi da fata, ko tsayuwa ba ya iyawa sosai. Ba a hannun bare yake ba ma, gidan mahaifinsa ne. An kama uban da matansa, an kai yaron asibiti. Kwanaki kaɗan bayan haka aka fito da wani matashi a Farawa ta Kano da aka ce ya yi shekara bakwai a kulle a gareji. Kafin su, a Satumban 2019, 'yan sanda sun fito da sama da mutum 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, sai kuma aka bankaɗo wani a Daura cikin Oktoba.

Na tuna abin da muka riƙa rubutawa a Facebook lokacin na Badariya. A ɗaure su a turken su ma. A bar mu da su minti biyar. A kashe su kawai. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya yi lissafi: shekara biyu kwana ɗari bakwai da talatin ne, azumi biyu, sallah huɗu. Badariya unguwa ce a cikin babban birnin jiha. Yaro ya daina fitowa wasa, ya daina zuwa makaranta, kuma duk tsawon wannan lokaci maganar ba ta kai inda za a kwance shi ba. Zafin da muka nuna a ranar ihu ne bayan hari.

Ba ina faɗin haka don na fi kowa ba ne. Lokacin ina ƙaramar sakandare, a wani gida da ke kusa da namu an kawo wata yarinya daga ƙauyen da ke can wajen iyaka. Ba za ta wuce shekara tara ba. Hausarta ma ba ta nuna sosai ba. Kafin mu tashi ta cika randuna, kafin mu dawo makaranta tana yawon tallar ƙosai, in ya yi kwantai mukan ji sakamakon ta saman danga. Wata rana a bakin rijiya na ga ƙuna a bayan hannunta, irin shatin ludayin ƙarfe. Na koma gida na faɗa wa wata babba a gidanmu. Ta dube ni ta ce, "Mi yash shafe ki? Ɗiyar 'yar uwatta ta, ita aka ba. Kar in sake ji a bakinki." Ban sake ba. A daidai wannan shekarun nake satar wayar yayata ina karanta labarin marainiya ina kuka har filo ya jiƙe. Ta littafin na san sunanta, da na saurayinta, da kalar motar da ta dawo da ita. Ta bayan dangarmu kuwa "Baƙuwa" muke ce mata, har ranar da na dawo hutu aka ce an mayar da ita gida.

Kar a fahimce ni a karkace. Riƙo ba mugun abu ba ne, kuma da yawanmu albarkacinsa muke ci. Annabi (SAW) kansa a hannun kakansa da baffansa ya tashi. A al'adarmu ana kai ɗan fari wajen kakanni saboda kunya, ana bai wa goggon da Allah bai ba haihuwa ba ɗa ta riƙe, ana haɗa amarya da 'yar zaman ɗaki, ana tura yaron ƙauye wajen kawunsa na birni don ya yi karatu. Ƙawata ta kusa a jami'a goggonta ce ta raine ta, ita ta sayar da tumakinta ta biya mata kuɗin jarrabawa. Amma riƙon da ya yi kyau a da yana da masu sa ido: uwar yarinya na zuwa ranar kasuwa, kaka na aiko da fura ta ce a kawo mata jikarta ta gani, dangi duk a gari ɗaya ko biyu. Idan aka ga riƙon sakainar kashi, sai a zo a ɗauke ɗa ba tare da an tara jama'a ba.

A wajenmu nan bakin iyaka wannan sa idon ne ke saurin tsinkewa. Zuriya ɗaya ce ta rabu biyu, wasu a Kaoje, Tsamiya, Lolo da Illo, wasu a ɓangaren Segbana cikin Jamhuriyar Benin. Yarinya ta hau bayan babur da safe, da azahar tana wata ƙasa, ba takardar haihuwa, ba sunanta a rajistar kowace makaranta. Idan daga nan aka ƙara miƙa ta ga wata hajiya a Birnin Kebbi ko Abuja a matsayin 'yar aiki, albashinta na bi ta hannun dillaliya, to shi ke nan, suna riƙo ne amma abin ciniki ne. A kudancin Benin suna da suna na musamman ga irin waɗannan yara, vidomegon, kuma ƙasar ta yi dokar yara a 2015 tana ƙoƙarin magance abin. Mu ba mu ma raba sunan ba. Da wadda ake riƙo don Allah da wadda ake bautarwa duk 'yar riƙo muke cewa.

To a ce ma jarumin ya zo. Mu mutanen Kebbi ba sai an ba mu labarin mai ɗaukar makami don kare jama'a ba. Ina girmama 'yan sa kai da suka tsaya lokacin da ba kowa. A watan Maris na 2022 sama da sittin daga cikinsu 'yan bindiga suka yi wa kwanton ɓauna suka kashe a yankin Sakaba na masarautar Zuru, manoma ne da magidanta da suka fita kare garuruwansu. Wanda ya raina wannan jinin bai san zafin kwana a daji ba.

Sai dai jarumin fim yana da abin da ɗan sa kai na gaskiya ba shi da shi: marubucin da ya riga ya nuna masa mai laifi. Mu masu kallo mun ga lokacin da aka yi ta'asar, don haka ba ma shakka idan ya harba. A rayuwa ba mai nuna maka. A watan Maris na 2025, 'yan sintiri a garin Uromi na jihar Edo suka tare wata mota da ta taso daga Fatakwal, suka ga bindigogin farauta, suka ce masu garkuwa da mutane ne. Jama'a suka taru aka ƙona mafarauta 16 da ke hanyar zuwa gida Kano yin sallah. Mun yi kuka, mun yi Allah ya isa, kuma da gaskiyarmu. Amma ku tsaya ku yi tunani: waɗanda suka kawo taya da fetur a ranar, a cikin kansu su ne jaruman fim ɗin. Garinsu na fama da satar mutane, sun gaji da jiran hukuma, ga "masu laifi" a hannu. Irin tafin da muka yi wa Mardaani shi suka yi.

Ga kuma wanda ya fi kusa da mu. Masu bincike da mutanen yankin sun sha bayyana cewa Lakurawa sun fara samun wurin zama a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato ne a matsayin masu taimako, baƙi masu makamai da za su kori ɓarayin shanu. Sun kora kuwa. Daga baya suka fara karɓar zakka da ƙarfi, suna yanke hukunci, suna dukan samari kan aski da waƙa a waya. A Nuwamban 2024 suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, a nan jiharmu, kuma a Janairun 2025 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Fim yakan ƙare ne a ranar da jarumi ya gama da mugu. Ba a nuna mana shekara ta biyu, lokacin da bindigar ke hannunsa har yanzu kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi.

Ku tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar ta Kano, ba sai na faɗi sunanta ba, wadda mai makarantarsu ya sace a Disamban 2021 ya kashe. Da labari ya fito a Janairu, wasu suka je cikin dare suka cinna wa makarantar wuta. Wutar ba ta kama kowa ba, ba ta tabbatar da komai ba. Bincike ne ya kamo shi, shaidu suka tsaya gaban alƙali, kuma a watan Yulin 2022 babbar kotun jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa tare da abokin aikinsa. Wata shida. Na san za ku ce don duniya ta sa ido ne, kuma haka ne. Amma wannan ma darasi ne: idon da muka sa shi ya hana fayil ɗin yin barci.

Wannan ya kawo ni kan namu salon ɗaukar fansar, na masu data. An ga bidiyon yaro da tabo, sai a ɗora shi da fuskarsa a fili, tsirara wani lokaci, a haɗa da hoton wata mata, a rubuta "ku yaɗa har ya kai ga hukuma". Ba wanda ya tambaya a wane gari ne, wace shekara, ko matar da ke hoton ita ce. Sau nawa aka yaɗa bidiyon wata ƙasa aka ce a Arewa ne? Ko da gaskiya ne, yaron zai girma, zai nemi aure, bidiyon na nan. Abu na farko da ake koya mana a aji game da labarin yara shi ne a rufe fuska, a sakaya suna. Mai dubu hamsin na mabiya a TikTok bai taɓa jin wannan ba, ko ya ji bai ga riba a ciki ba.

Doka kuwa akwai ta, ko da rabinmu ba mu sani ba. Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Kebbi ta sa hannu a kan tata a 2022. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da hukuncin ɗauri. Ba zan yi muku ƙarya ba, takarda daban aiki daban. Ƙara takan mutu a "ku je gida ku sasanta", wanda ya kai rahoto yakan zama abokin gabar unguwa, a ce ya shiga tsakanin dangi. Yarinya irina a wancan lokacin ba za ta iya shiga ofishin 'yan sanda ba. Amma tsakanin yin shiru da kiran 'yan sanda akwai ƙofofi da yawa da ban ƙwanƙwasa ba. Da na faɗa wa malamar ajinmu. Da na faɗa wa babana maimakon in tsaya a inda aka kwaɓe ni, shi kuma yana zama da mai unguwa kullum bayan la'asar. Da an aika wa uwar yarinyar saƙo ta bakin masu zuwa cin kasuwa, don sau da yawa iyayen ba su san komai ba, ana kai musu labarin tana nan lafiya ta yi ƙiba. Yanzu da muke da waya, hoton tabo da kwanan wata da aka kai wa jami'in walwalar jama'a ko ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ya fi amfani ga yaron fiye da wanda mutum dubu ɗari suka yi wa alamar kuka.

Ba na cikin masu cewa a hana irin waɗannan labarai. A 2021 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da ƙwacen waya a fim, kuma ban ga an daina ko ɗaya a titi ba. Roƙona ga marubutanmu ne, musamman mata 'yan uwana da ke rubutu a waya da tsakar dare: ku daina tsallake shekara goma sha biyar ɗin nan. A ciki labarin yake. Ku rubuta mana amaryar da ke jin kukan ta bayan katanga, mijinta ya ce ba ruwanta, uwar mijinta ƙawar muguwar ce, ita kuma ta rasa barci. Me za ta yi? Wa za ta fara faɗa wa? Me zai same ta in an gane ita ce? In dai fargaba da bugun zuciya ake nema, wannan ya fi mai baƙin gilashi, don ba ta da bindiga kuma gobe da safe za ta haɗu da matar a wajen markaɗe. Ni dai zan biya kuɗin wannan littafin.

Hutun da ya wuce na zauna da Inna tana tsince shinkafa, na tambaye ta ko ta tuna Baƙuwa. Na ɗauka sai ta yi dogon tunani. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta faɗi sunan yarinyar na gaskiya, da sunan uwarta, da ƙauyensu. Ashe duk daren da aka hana ta abinci, Inna kan miƙa mata tuwo ta ƙasan danga bayan mun yi barci. Na ce, "To Inna, me ya hana ki faɗa wa Baba?" Ta yi shiru, ta ci gaba da tsintarta, can ta ce zaman tare ake ji.

Ƙauyen bai kai awa ɗaya a babur ba daga Kaoje. Na rubuta sunan a wayata. Yayana ya ce in na dawo hutu na gaba zai kai ni ranar kasuwarsu, in tambaya ko tana nan.